Motar Kwanan Daji

Buta. Darduma. Tocila da sababbin batura. Bargo mai kauri. Igiya. Ashana a cikin kwalbar magani don kada ta jiƙe. Wuƙar da ya yi aikin gandun daji da ita. Ƙunshin kilishi, garin kunu, ganyen shayi, da ƙaramar rediyo mai kamo tashoshin nesa. Abin da Malam Auwalu ya zuba a jaka ke nan, jakar kuma tana kan cinyarsa, don ya ƙi yarda a sa ta a but.

Sun bar Largo, unguwarsu a Amurka, da hantsi. Ɗansa Muntaka ne ke tuƙi a tsohuwar Fijonsa, sun miƙi titin da ya yi kudu ta gefen Upper Marlboro. Watan Oktoba ne na 1986, itatuwan bakin hanya sun koma ja da ruwan ɗorawa. Malam Auwalu yana bin su da idon da aka gyara masa bara, yana ƙoƙarin gane su ta ɓawonsu.

"Ban ga jakarka ba," in ji shi.

"Za mu biya ta gida, Baba, in an gama ciniki."

"Gida yana bayanmu. Duwatsun da ka ce kuma suna yamma."

"Ba nisa."

Daga nan ba wanda ya ƙara magana. Haka suka saba. Muntaka ɗan fari ne, tun ranar suna uban bai taɓa furta sunansa ba. Yana yaro "kai" ne, da ya gama karatu ya zama "Injiniya". Duk maganar da ke da nauyi a tsakaninsu ta bakin Furera take bi, uwar yaron, ita ke ɗauka daga nan ta kai can, ta rage mata zafi a hanya. Da Furera ta rasu sai aka bar su da gaisuwa da labarin sanyi.

Aikin ido ne ya kawo shi Amurka. Da aka cire masa bandeji ya fara zancen komawa, sai Saudatu, matar Muntaka, ta durƙusa a bakin ƙofarsa ta ce Injiniya ya ce a roƙe shi ya zauna, nan ma gidansa ne. Ya zauna. Ya aika wa ƙanensa a Bauchi ya kwaso iyalinsa su shiga gidan, kada ya lalace. Aka ba shi ƙaramin ɗakin bene mai kallon wurin ajiye motoci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwana a tanti, yana auna daji da ƙafa, ya koma ƙidayar motocin maƙwabta ta taga.

Sai ranar nan Muntaka ya shigo da mujallu, ya ajiye a gefen darduma. Hotunan motoci ne masu ɗaki a ciki, irin tafi-da-gidanka, da gado da murhu da banɗaki.

"Baba, kai ka san daji. Ina so ka zaɓa mana wadda za ta ɗauki ruwanta da wutarta, a kwana da ita inda ba kowa."

Tun da yaron ya girma bai taɓa neman wani abu da uban ya sani ba. Malam Auwalu bai nuna komai a fuska ba, amma ya bi mujallun nan shafi shafi, da tabarau da fensir. Har ya yi wa jikarsa Rumasa'u alkawari, ya ce, "Amaryata, zan kai ki inda barewa ke shan ruwa." Ta amsa masa da Turanci, ta ce sai dai in akwai talabijin.

Cikin Saudatu ya tsufa. Mahaifiyarta za ta taso daga Zariya ƙarshen wata don wankan jego. Ya taɓa tunanin inda za a sauke ta, ya yanke cewa ɗakin Rumasa'u ne. Bai tambaya ba, ba maganar da suruki zai sa baki ba ce. Ya dai riga ya shirya wa kansa yadda zai rage saukowa ƙasa, ya riƙa cin abinci a ɗaki.

Wurin sayar da motocin fili ne mai tsakuwa, an ja masa waya, an rataye ƙananan tutoci masu launi. Motocin suna jere, farare, kamar shanun da aka kawo kara. Wani saurayi baƙi mai kwat da lakataye ya taho da sauri, yana zuwa ya rusuna har hannunsa ya taɓa tsakuwa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina gajiya? Ina sanyi?"

Malam Auwalu ya dube shi da kyau. "Kai kuma daga ina?"

"Gregory ne sunana, Baba. Ɗan Zonkwa. Karatu nake yi a Washington, ranar Asabar in zo nan in nemi na biredi."

"Zonkwa. Na yi aiki a dajin Nimbiya. Mu muka dasa itatuwan nan da kuka riƙa sarewa."

"Kakana ne, Baba. Ni lokacin ko gatari ban iya ɗagawa ba."

"Duk haka kuke cewa."

Suka yi dariya. Muntaka ya tsaya gefe yana juya makullin mota a yatsa.

Malam Auwalu bai tsaya kan manyan da ke gaba ba. Ya zarce wurin wata gajeriya da aka gina ɗakinta a bayan a-kori-kura. Ya ajiye jakarsa, ya tattare babbar riga, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya sa tafin hannu ya gwada tsakanin cikinta da ƙasa. Ya danna tayoyin da babban yatsa. Ya sa Gregory ya buɗe masa kowace ƙaramar ƙofa da ke jikinta: nan tukunyar gas, nan janareta, nan batir na biyu wanda ba ruwansa da na injin.

"To, in wutar ɗaki ta cinye wannan, mota za ta tashi da safe?"

"Za ta tashi, Baba. A rabe suke."

"Tankin ruwa fa?"

Gregory ya ɗaga kujerar ciki ya nuna masa. Malam Auwalu ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya saurara.

"Mutum uku, in ba a yi wanka irin na Turawa ba, zai kai su 'yan kwanaki. Da alwala." Ya juya wajen ɗansa, ba tare da ya kalli idonsa ba. "Injiniya, wannan ce. Tana da tsayi daga ƙasa, gajeriya ce, za ta juya a inda hanya ta ƙare. In ta kafe, mutum biyu za su tura ta."

"Ta yi kyau, Baba. Amma mu ga wata."

Bai tsaya dube-dube ba. Kai tsaye ya ja su can ƙarshen fili, kusa da waya, kamar wanda ya san hanya. Wata doguwa ce a wurin, kusan tsawon bas, fentinta ya koɗe. Ciyawa ta fito ta kewaye tayoyinta.

Ciki kam ba laifi. Gado mai faɗi, kafet har bango, firji, wurin wanka da labule. Muntaka ya tsuguna ya kunna wani abu a ƙasan kujera, iska mai ɗumi ta fara hurowa.

"Ka ji hitar, Baba? Da gas take aiki. Ko ƙanƙara ta rufe ƙofa ba za ka sani ba."

"Tayoyinta sun tsattsage."

"Za a duba. Ga tankin, ya ninka na waccan. Ga wurin da za ka shimfiɗa darduma, na gwada, gabas tana nan in an juya ta haka."

"A tayar da injin."

Gregory ya zauna a kujerar direba ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya mutu. Ya sake. A karo na uku ya kama, motar duka ta ɗauki rawa, hayaƙi mai shuɗi ya taso ta baya.

"Kashe," in ji Malam Auwalu. "Tana shan baƙin mai. Wannan ba za ta hau dutse ba. Ko ta hau, ba na son in ga yadda za ta sauko. Kuma gindinta ya yi tsawo, kwarin farko da ta shiga za ta zauna."

"Amma ɗumin, Baba."

"Bargo na kawo."

Wani Bature mai tumbi ya leƙo daga ofis ya ɗaga wa Muntaka hannu. Muntaka ya ce yana zuwa, ya sauka da sauri. Ta taga uban ya ga ya shiga ofishin, Baturen ya dafa kafaɗarsa kamar tsohon sani.

Malam Auwalu ya zauna a bakin gadon. Gregory ya juyo daga kujerar direba, ya rage murya irin ta mai son kwantar wa babba hankali.

"Baba, kada injin ya dame ka. Tafiya ɗaya ce za ta yi. Ni da kaina zan kai ta a hankali, filin Jerome ba nisa."

"Wane Jerome?"

"Jerome na Jos mana, abokin Injiniya, mai gonar nan ta bayan Upper Marlboro. Asabar da ta wuce muka je da Injiniya muka daidaita wurin, muka jera bulo inda za ta zauna. Wuri mai kyau, Baba, itatuwa ko'ina, irin naka. Wuta da famfo ne kawai babu, shi ya sa ya nace sai mai babban tanki da janareta. Ya ce duk Asabar zai kawo ruwa da gas."

Hitar tana ta hurowa a ƙafafun Malam Auwalu. Ya janye su.

"Jerome yana kwana a gonar?"

"A'a, aikin asibiti yake yi. Yana dai leƙawa." Gregory ya yi murmushi. "Gaskiya, Baba, ka yi dacen ɗa. Ya yi ta zarya a nan, ba abin da yake tambaya sai hita. Tsohona ba ya son sanyi, tsohona ba ya son sanyi. Ya ce a nemo wadda rufinta zai jure hunturu biyu ko uku ba yoyo."

"Biyu ko uku."

"Haka ya ce."

Sai a nan Gregory ya kalli fuskar tsohon sosai. Murmushin ya tafi. Ya dubi jakar da ke ƙasa, da igiyar da ta leƙo ta bakinta, da kan tocila.

"Baba... ba a gaya maka ba?"

"Ga shi ka gaya mini."

"Wayyo Allah. Na ɗauka... yadda na ga kana dubawa da kanka..."

"Akwai famfo a nan? Azahar ta yi."

Gregory ya karɓi butar da hannu biyu, ya tafi da gudu ya cika ta. Malam Auwalu ya yi alwala a gefen waya, ruwan yana da sanyi har cikin ƙashi. Ya shimfiɗa darduma a kan tsakuwa, tsakanin doguwar motar da wata, ya yi sallarsa bai gaggauta ba. Da ya sallame ya ɗan zauna. Ya tuna yadda ya riƙa ja wa hotuna layi da fensir, yana lissafin ruwan mutum uku. Ya tuna ya tambayi Saudatu ko tana da tsohuwar tukunyar da ba ta so, ta ce za ta duba, ba ta ɗago kai ba. Ashe ita ma ta sani. Wataƙila har Hajiyar Zariya ta sani. Jerome ya sani, ɗan Zonkwa ya sani, Bature mai tumbi ya sani.

Ya naɗe dardumar ya koma cikin motar. Muntaka ya dawo ya same shi a zaune a inda ya bar shi. Gregory yana can nesa, yana goge gilashin motar da ba ta da datti.

"Baba, sun ce za su sa mata sababbin tayoyi na gaba."

"Zauna."

Muntaka ya zauna a ƙasa, a kan kafet, kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Yau a ina za a kwana?"

"Na ce ko mu fara gwada ta a kusa. Akwai wani fili..."

"Na Jerome."

Muntaka ya waiga ta ƙofa wajen Gregory, ya dawo da kansa ƙasa.

"Mu za mu kwana, ko ni?"

Muntaka ya zuba wa kafet ido.

"Shi ya sa ba ka ɗauko jaka ba."

"Baba, zan zauna har ka yi barci... zan dawo da sassafe. Na ce in ka kwana ɗaya biyu ka ji daɗin wurin, sai maganar ta zo da sauƙi." Ya gyara zama. "Hajiya ta ce ba za ta iya zama gida ɗaya da kai ba. Banɗakin wanka ɗaya ne a saman, ga jego, ga ruwan zafi safe da yamma. Ta ce kunya ba za ta bar ta ba. Saudatu kuma ba ta da kowa a nan, a haihuwarta ta baya da ƙyar ta tashi. Na nemi gida mai ɗaki a ƙasa, ban samu wanda zan iya ba."

"Hajiya ta yi gaskiya. Ni ma da na ji nauyin haka."

Muntaka ya ɗago da sauri.

"Hajiya wata nawa za ta yi?"

"Uku... ko huɗu."

"Hunturu uku fa?"

Muntaka ya sake sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yara suna ƙaruwa, Baba. Ɗakin..."

"To. Yanzu ka faɗa."

"Ta ina zan fara? Ni da kai ba mu taɓa irin wannan maganar ba. Da Inna tana nan..."

"Da tana nan da ta faɗa mini a daren da kuka yanke. Ba ta nan. Amma kana da mata, ita ka aiko lokacin da kake so in zauna. Kana da Jerome. Ko wannan yaron ka aiko, da lakatayensa, ya durƙusa ya ce, Baba, gida ya yi kaɗan. Da na haɗa kayana ina sa maka albarka."

"Ban so ka tafi ba. Shi ya sa. Ina so kana kusa."

"Kusa da wa? Da itatuwa?"

A waje iska tana kaɗa tutocin, suna ƙara kamar ana yayyaga takarda.

"Na kwana a daji fiye da yadda na kwana a ɗaki," in ji Malam Auwalu. "Na kwana inda kura ke zagaya tanti. Ban taɓa jin komai ba, don da ƙafata na shiga, kuma na san ranar fita. Ba wanda ya taɓa kai ni ya ajiye a kan bulo."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ajiyewar ma da sauƙi. Mujallun nan ne. Ka zo ka ce in zaɓa mana. Na zauna kamar ɗan makaranta ina ja musu layi. Na yi wa yarinya alkawarin barewa."

Muntaka ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Uban ya kalle shi, kallon da bai saba yi masa kai tsaye ba. Furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Bai san da ita ba sai yau.

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya lalubo makunnin hitar ya kashe. Ya ɗauki jakarsa.

"Tashi mu fita. Gas ɗin mutane muke ƙonawa."

Suka sauko. Gregory ya matso yana murza hannuwa.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Oga, wallahi ban san..."

Malam Auwalu ya buɗe jaka, ya ciro ƙunshin kilishin ya miƙa masa.

"Karɓi. Na hanya ne, ba za a yi hanyar ba."

"Baba, ba zan iya..."

"Karɓi, ɗan masu sare itace. Waccan gajeriyar, in wani ya zo yana son daji da gaske, ita za ka nuna masa."

Gregory ya karɓa da hannu biyu, ya ja da baya.

Muntaka ya biyo uban a hankali. "Baba, a bar maganar motar. Mu koma gida, zan san yadda zan yi. Zan kwana a falo, Hajiya ta..."

"A'a."

"Gidan Bauchi da mutane a ciki. Baffa da iyalinsa sun cika shi."

"Akwai shago a soro. Ƙofarsa tana kallon titi, mutane suna wucewa suna sallama."

"Idonka fa? Likita ya ce a dawo a duba."

"Yana gani. Yau ya gani sosai."

Ƙofar doguwar motar tana buɗe, tana lilo a iska. Malam Auwalu bai taɓa barin ƙofa a buɗe a bayansa ba, ko ta tanti ce. Ya koma ya kama ta, ya tura. Ba ta kama ba. Ya ɗaga ta kaɗan ya sake turawa da kafaɗa, ta rufu da ƙara. Ya ja marikin ya tabbatar.

Sannan ya juyo.

"Muntaka."

Ɗan ya tsaya cak. Makullin Fijo ya faɗi daga hannunsa a kan tsakuwa, bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Ranar Litinin ka kai ni ofishin jirgi. Kafin Hajiya ta sauka ɗakin yana share. Bauchi zan koma."